Nauyin da Kawu Ya Bari a Ras Al Khor

Daga Allah muke, wurinsa za mu koma, Kawu kuma ya riga mu tafiya.

Ranar da muka dawo daga maƙabarta ɗakinmu na unguwar Satwa a Dubai bai ɗauke mu ba. Ɗaki ne na haɗaka, gadaje masu hawa biyu, sai muka jingine katifu a bango muka shimfiɗa tabarmi har bakin matattakala. 'Yan kasuwar Kano da suka zo lodin kwantena sun shigo da manyan riguna. 'Yan zango na Ghana sun zo da kayan gadi a jikinsu, domin daga wurin aiki suka zarce. Mai siton da Kawu ya yi wa aiki, wani dattijo ɗan Pakistan da muke kira arbab, ya riƙe hannuna ya kasa saki. Larabcinsa tsinke-tsinke ne, nawa ma haka, amma na gane yana cewa bai taɓa kulle aljihun tebur ba muddin Kawu yana sito.

Wani alhaji da bai san Kawu sosai ba ya kurɓi shayi ya ce, "Ashe ƙarfen nan ne ya kashe shi? Tsofai-tsofai da shi, me ya kai shi?"

Aminin Kawu, mutumin Kumasi wanda ke gadin siton, yana zaune a lungu tun safe. Sai a lokacin ya ɗago.

"Alhaji, ba ƙarfe ya kashe shi ba. Sha shayinka."

Bayan la'asar matar Kawu ta kira daga Kano. Ina jin koke-koken mata a bayanta, ita kuwa muryarta a bushe.

"Ya zo?"

Na san wanda take nufi. Na ce, "Bai zo ba tukuna, Inna."

"Zai zo. In ya zo kada ka taɓa shi. Kada kuma ka yafe masa da bakina."

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan. Mutane da yawa ba su san Kawu ba sai a wani ɗan guntun bidiyo: tsoho ya sunkuya kan ƙarfe, ya ja, ya zame ya zauna a ƙasa, an ɗora masa kiɗan dariya. Ban yarda wannan ya zama shi ne abin da ya rage na ƙanin mahaifiyata ba.

Kawu ɗan Fagge ne. Tun yana saurayi yake ɗaga siminti da aka zuba a gwangwanaye, a bayan gida, shi da samarin unguwa. Ya zo Dubai kafin a haifi yawancinmu, ya kama aiki a Ras Al Khor, a siton da ake yanka tsofaffin motoci ana ɗure injina da kayan gyara a kwantena zuwa Afirka. Gajere ne, ba shi da ƙirjin nan na 'yan fim. Ƙarfinsa a baya da cinya da tafin hannu yake. In ya gaisa da kai sai ka ji kamar ka sa hannu a bakin ƙofa an turo.

A bayan siton akwai wani ɗan fili mai rumfar kwano. Nan ya haɗa wurin ɗaga ƙarfensa: doguwar sandar ƙarfe, da gangunan birki na manyan motoci waɗanda ya sa mai walda ya gyara musu rami, ya shafe su da jan fenti. Da, ranar Juma'a ake taruwa. Da aka sauya ranakun hutu muka koma Lahadi. Ni ban taɓa zama mai ƙarfi ba, direban motar kai kaya ne ni, bayana ma ciwo yake. Aikina a filin shi ne zura ganguna a sanda da cire su. Na san kowace ganga kamar yadda na san fuskokin 'yan ɗakinmu.

Cikin duk wasannin ƙarfe abu ɗaya Kawu ya ɗauka da daraja, wato ka tarar da nauyi a kwance a ƙasa, ka sunkuya ka kama, ka miƙe da shi tsaye. Turawa na ce masa dedlif. Kawu na ce masa tayar da matacce, in liman na kusa kuma ya ce tayar da mai barci. Ba ya sa takalmi. Zai shafa alli a hannu, ya yi bisimilla a hankali, ya ja. In ya miƙe ba ya jefar da ƙarfen kamar yadda samari ke yi don a ji ƙara. Yakan bi shi har ƙasa ya ajiye.

"Ka ɗauko shi daga wurinsa, ka mai da shi wurinsa," haka yake cewa. "Me ya yi maka da za ka yar da shi?"

Iyakarsa ganguna shida ce, uku dama uku hagu. Ya ɗaga su yana cikin ƙarfinsa, a gaban arbab da ma'aikatan sito, bayan an ɗora kowace ganga a sikelin tsohon ƙarfe kowa ya gani. Tun daga nan muke kiran nauyin shidan Kawu. Ƙattin Ghana sun gwada, 'yan Uganda sun gwada, wani ɗan kokawar Pakistan ya gwada har wandonsa ya ɓarke. Ba wanda ya raba shi da ƙasa.

Kawu ya san shidansa bai kama ƙafar abin da manyan duniya ke ɗagawa ba, kuma abin bai dame shi ba. Labarinsu ma shi ne hirarsa. In ya sha shayin karak, mai kaurin madara, ya jingina da taya, sai ya faro daga tsofaffin mujallun da suke kallo a Fagge.

"A zamaninmu kilo ɗari huɗu shi ne bango. In ka ce wani zai wuce shi da nisa, a ce ka sha wani abu. Suka yi ta turawa kaɗan-kaɗan, wannan ya ƙara, a yi shekaru, wancan ya ƙara. Sai ga shi da idona na ga mutum ya miƙe da rabin tan, jini na zuba daga hancinsa. Rabin tan! Injin da muke sa wa sarƙa mu ja da mota."

Ba ya haɗa su a kwando ɗaya. Akwai masu kama sanda da hannu tsura, su ne nasa. Akwai masu ɗaure hannu da igiya a jikin sanda su sa matsattsiyar riga, waɗanda aka yarje wa su ja ƙarfen a kan cinya. Akwai masu buɗe ƙafa warwar don tafiyar ta yi gajarta, akwai masu ɗagawa daga kan dakali ko da tayoyin mota. Bai raina kowa ba, sharaɗinsa ɗaya ne.

"Kowa ya faɗi yadda ya ɗaga. Mai igiya ya ce da igiya. A auna ƙarfen mutane na kallo. Khalas, shi ke nan."

A kan wannan suka yi faɗa mafi girma da amininsa. Lokacin korona ne, gari a rufe, muna cunkushe a ɗaki muka kalli wani ƙaton Bature ya ƙara kilo ɗaya tak a kan rabin tan, a wurin atisayensa, ba taron jama'a. Mutumin Kumasi ya ce wannan ba tarihi ba ne.

"Chale, abokina, a gidansa fa! Ni ma a gidana sarki ne."

"An auna ƙarfen ko ba a auna ba?"

"An auna."

"Ya miƙe ko bai miƙe ba?"

"Kilo ɗaya dai, Haji. Sukarin da ke gwangwanin nan ya kai kilo ɗaya."

"To ɗauki rabin tan tukuna, sai in ɗora maka sukarin."

Suka daina magana, a ɗaki ɗaya, gado sama da ƙasa. Ni ne ɗan aike: ce wa mutumin nan ya rage fanka, ce wa kawunka ya daina minshari. Da suka shirya ma maganar ba ta mutu ba. Shekaru bayan haka, da aka ɗaga abin da ya fi wancan a gaban taro, Kawu ya sayi shayi kofi biyu ya tafi har ɗakin gadi ya ajiye ɗaya a gaban amininsa. Ya zauna yana kallonsa har ya shanye.

Yanzu sai in zo kan wanda Inna ke tambaya.

Maraya ne, ɗan maƙwabcinsu a Fagge. Kawu da Inna ba su samu ɗa namiji ba, suka ɗauke shi riƙo tun bai iya wanke hannu ba. Baba yake kiran Kawu, ni kuma Yaya. Da ya girma Kawu ya nema masa biza ya kawo shi. Ba gado a ɗakinmu, sai Kawu ya ba shi nasa ya koma tabarma, yana cewa wai ƙasa ta fi yi wa bayansa daɗi. Shi ya koya masa yadda ake dasa ƙafa da yadda ake cika ciki da iska. Ranar da fatar tafinsa ta yage na ga Kawu ya zaunar da shi yana shafa masa man kaɗanya yatsa bayan yatsa, ga mutum ya fi shi tsawo. Akwai wata Sallah da muka je garin Hatta, yaron ya ɗaga wani dutse a gefen hanya da ya gagari kowa. Kawu ya dinga tare motocin mutanen da bai sani ba yana nuna shi: "Ɗana ne! Ɗana ne!"

Allah ya ba shi jiki, ban hana masa wannan ba. Ya samu aikin koyar da motsa jiki a wani babban wuri mai madubai, ya bar Satwa, ya tara mabiya a waya. Zuwansa filin ya koma sai in yana son ɗaukar hoto, domin mabiyansa na son ganin tsatsa da rumfar kwano, su ce ga inda ya taso.

Wata Lahadi muna Sharja ni da Kawu wajen wani lodi, mai gadi kuma yana hutu. Da muka dawo bidiyo ya riga ya zagaye wayoyin 'yan Hausa: ɗan riƙon Kawu a filin, jajayen ganguna shida, ya miƙe da su kamar ya ɗauki bokitin ruwa, ya jefar, ya buga ƙirji. A ƙasa ya rubuta cewa zamanin tsofaffi ya wuce.

Da farko Kawu murna ya yi. Wallahi na ga hawaye a idonsa. Ya ce in sake kunna masa. A kallo na biyu murmushin ya tafi. Ya karɓi wayar ya kawo ta kusa da fuskarsa.

"Sandar ba ta lanƙwasa ba."

"Kawu, me?"

"Sandata ce. In ta ɗauki shida sai ta yi baka kafin ganguna su bar ƙasa. Dubi nan. A miƙe take."

Bai yi maganar a fili ba. Kiransa ya yi, ina zaune.

"Ɗana, abin da ka ɗaga ba shi ba ne. Ka cire bidiyon. Ka zo mu yi aiki, nan da shekara za ka ɗaga na gaskiya, ni zan zura maka gangunan da hannuna."

"Baba, hassada ce kawai. Ka ji haushi an wuce ka."

"Ni? Kai?"

"Ka tsufa, Baba. Ka huta."

Ya kashe waya. Washegari ya sake wani bidiyon, yana ba mabiyansa labarin wani tsoho a Ras Al Khor da baƙin ciki ke ci. Bai kama suna ba, amma duk wanda ke cin tuwo a unguwar Deira ya gane. Aka fara yi wa Kawu dariya a bayan ido, daga baya har a gaban ido. Wani yaro da bai kai jikansa ba ya tambaye shi a masallaci ko shi ma da gaske ya taɓa ɗaga shidan, ko labari ne.

Wannan tambayar ce ta karya shi. Kawu yana shan maganin hawan jini, ya daɗe bai wuce ganguna huɗu ba. Lahadi ta zagayo ya ce in zura shida. Na ƙi. Amininsa ya tsaya a gaban sanda.

"Haji, don girman Allah."

"Ba miƙewa zan yi ba. Ya bar ƙasa kawai, su ga sandar."

Na sake ƙi, sai ya fara zura su da kansa, yana nishi. Filin a cike yake. Ya cire takalmi, ya shafa alli, ya yi bisimilla. Ya ja. Sandar ta lanƙwasa, ta yi baka sosai, kowa ya gani, gangunan suka rabu da ƙasa kamar tsawon tafin hannu. Ya mai da su a hankali yadda ya saba. Ya ɗago ya dube mu.

"Kun gani?"

Ita ce magana ta ƙarshe da ya yi da baki daidai. Ya yi baya ya zauna, bakinsa ya karkace, hannunsa na dama ya saki.

Wani cikin 'yan kallo ya ɗauka a waya, ya kai ga ɗan riƙon. Ya yanke wurin da sandar ta lanƙwasa. Ya yanke wurin da ƙarfen ya tashi. Ya bar sunkuyo da faɗuwa, ya ɗora kiɗa, ya saki. Yana sane Kawu na asibiti, domin ni na aika masa saƙo. Bai zo ba. Kawu ya yi kwanaki yana kallon ƙofar ɗakin da ido ɗaya, duk wanda ya turo sai ya yunƙura. Har ya cika ba wanda yake jira ne ya turo ta ba.

A rana ta uku ta zaman makoki ya zo. Ya riga ya goge bidiyon faɗuwar, amma ya bar nasa. Ya durƙusa a gabana yana kuka, kuka na gaske ko na waya ban sani ba, ban kuma damu in sani ba. Na sa hannuwana a ƙarƙashin cinya na danne, saboda maganar Inna.

"Yaya, Baba ya tafi yana fushi da ni. Ina so in yi masa wani abu. Ranar arba'in zan sake ɗaga shidan a filinsa, kai tsaye, duniya ta gani, don tunawa da shi."

Na dubi mutumin Kumasi. Ya dube ni.

Na ce, "Allah ya kai mu."

Ana gobe arba'in, da rana tsaka sito na hutun cin abinci, abokansa biyu suka zo da mota wai za su share fili. Mai gadi, mutumin Kumasi, ya buɗe musu ƙofa ya koma ɗakinsa ya ja labule ya bar 'yar kafa. Suka sauke jajayen ganguna huɗu, suka zura su a sanda, suka mirgina huɗu na Kawu bayan tarin tayoyi suka rufe da tamfol. Da suka tafi ya kira ni muka je muka duba. Daga waje ba ka bambancewa, har fentin an tsufar da shi. Ciki kuwa an kai su wurin masu injin gogar ƙarfe an kankare har sun koma kamar kwanon sha.

Da safe muka mai da kowace ganga wurinta. Bayana ya yi ta ihu ban saurare shi ba. Na bogin muka jera a jikin bango muka rufe da tamfol ɗin nasu.

Bayan la'asar fili ya cika, har kan katanga. Arbab ya zo, alhazan Kano sun zo, har da yaron nan na masallaci. Aka yi addu'a aka raba dabino. Ɗan riƙon ya fito da baƙar riga mai hoton Kawu a ƙirji. Ya yi jawabi, ya ce duk abin da ya zama Baba ne. Sannan ya miƙo mini wayarsa.

"Yaya, kai za ka riƙe. Kai ne jininsa."

Na karɓa. Mutane na ta shigowa kallo, saƙonni na gudu a kan gilashi, Allah ya jiƙan Baba, Allah ya ƙara ƙarfi.

Ya ɗaure hannunsa da igiya. Ya yi ihu. Ya ja.

Sandar ta ɗan lanƙwasa. Gangunan ko motsi.

Ya saki, ya yi dariya, ya ce ƙafarsa ce ta zame. Ya sake dasa ƙafa ya ja har jijiyoyin wuyansa suka fito, fuskarsa ta yi baƙi. Ƙarfen na kwance inda Kawu ya ajiye shi. Ana jiyo ƙarar injin yankan ƙarfe daga wani sito can nesa. Yana durƙushe ya kai ido kan gangunan, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗago ya dube ni. Na ga lokacin da ya gane.

Mutumin Kumasi ya taka a hankali zuwa bango, da ɗingishinsa, ya yaye tamfol. Tsoho ne da ko buhun shinkafa ba ya ɗauka. Ya sa hannu ɗaya ya ɗauki ganga, ya ɗaga ta sama, ya juya cikinta ga jama'a. Na bi shi da waya, na tsaya a kai har kowa ya ƙoshi da kallo, sannan na dawo da ita kan ɗan riƙon. Igiyar na riƙe da shi a jikin sanda, yana kici-kicin kwancewa ya kasa.

Ya yi ƙasa da murya. "Yaya, kashe wayar. Don Allah, Yaya."

Na matsa kusa don fuskarsa ta fito sosai.

Da taro ya watse na kira Inna na gaya mata komai. Ta ce, "Ka taɓa shi?" Na ce ko yatsa. Sai a lokacin ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar rasuwa, na bar ta ta yi, ina zaune kan taya ina saurare.

Liman ya same ni bayan sallar Juma'a ya ce Kawu da yana raye da ya yafe. Gaskiya ya faɗa, na sani. Kawu da ya yafe, da ma ya kwance masa igiyar da hannunsa. Amma ni ba Kawu ba ne, kuma ni na zauna a bakin gadon nan ina kallonsa yana kallon ƙofa.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sauƙaƙa masa kwanciya, ya sa abin da ya ɗauka saboda mutane ya yi nauyi a mizaninsa. Allah ya ba Inna haƙuri, ya ba amininsa wanda zai yi musu da shi. Shi kuwa wancan, har yau ban samo addu'ar da zan iya yi masa ba, kuma ba nema nake ba.